Harsashin 5.56 ya shiga bindigata ta .223, in harba?

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in maimaita tambayar a taƙaice saboda waɗanda basu gani ba. Kace ka sayi bindiga da lasisinka a baje-kolin shaho da farauta da akeyi a Malham arewa da Riyad, an rubuta .223 Rem a jikin bututun, sai wani abokinka a nan Jidda ya baka kwali biyu na 5.56x45 yace ai duk abu ɗaya ne, ka gwada ɗaya ya shiga, sakata ta rufe ba gardama. Sannan ka haɗa da maganar tsohuwar bindigar kakanku da ke ajiye a gidanku na Makka, wadda wani kawunku yace 7.62 ce wani yace 8 ce, kana so kasan wane harsashi zaka nemo mata.

Amsar ta farko: a'a, kada ka harba, sai in kamfanin da ya ƙera bindigar ne ya rubuta a littafinta cewa tana cin 5.56. Ta biyun kuma kada ka sayi komai tukuna, sai an auna ta.

Na daɗe ina gyaran bindigogin farauta da kula da masu harbi a filin koyon harbi, kuma wannan "ai ya shiga" ɗin ita ce maganar da nafi tsoro a bakin mutane. Shiga bata nuna komai illa cewa kwanson bai fi ramin girma ba, shikenan. Bata gaya maka faɗin kan harsashin da zai bi bututun, bata gaya maka ƙarfin albarushin da ke ciki.

Abokinka ba ƙarya yayi maka da gangan ba, a ido kam ɗaya ne. Asalinsu ma ɗaya. A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Remington ya fitar da shi daga .222 Remington domin bindigar AR-15, sojan Amurka suka karɓa suka kira shi M193, kan harsashin giram 3.56, a 1964 kuma Remington ya sake shi kasuwa da sunan .223 Remington domin mafarauta. Sai a 1980 NATO ta zaɓi samfurin da kamfanin FN na Beljiyam ya yi, SS109, mai nauyin giram 4 da ɗan ƙarfe a cikin tsininsa, wanda Amurkawa ke shafa wa koren fenti a kai. Tsawon kwanso milimita 45 dukkansu, faɗin kai 0.224 na inci dukkansu. Toh ina bambancin yake? Yana cikin bindigar, ba a jikin harsashin kaɗai ba.

In ka leƙa ɗakin harsashi, wato inda kwanson yake zama, a gabansa akwai ɗan wuri sumul kafin tsagar nan mai murɗewa ta cikin bututu ta fara, mu maƙogwaro muke ce masa. Na 5.56 an yanka shi dogo, kusan ninki biyu na .223, kuma gangarensa a kwance yake, saboda soja yana so bindiga taci harsashin kowace masana'anta ko da ƙura ko da zafi. Na .223 gajere ne matsattse saboda mafarauci saiti yake nema. Idan allura ta bugi kabsula, wato 'yar hular da ke gindin kwanso mai kunna wuta, albarushi ya kama, kan harsashin yana fara tafiya a wannan wuri sumul ba abinda ya tare shi, yana tafiya fili yana ƙaruwa a bayansa, iskar wutar tana samun inda zata bazu kafin ya ciji tsaga. Masu ɗura 5.56 sun ɗura shi ne da lissafin wannan filin. Ka kawo shi gajeren maƙogwaro, tun bai motsa sosai ba ya ciji ƙarfe, albarushi kuma baya jira, ci yake, sai matsi ya haura sama da abinda aka tsara.

Lambobin da zaka gani ana yawo dasu a intanet: ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka, SAAMI, ta sa iyakar .223 a psi 55,000, NATO kuma tana ƙayyade nata a wajen psi 62,000. Tayar motarka psi talatin da ɗoriya kake hura mata, kaga wannan abin da ke faruwa tsawon yatsa kaɗan daga idonka ba wasa bane. Amma kada ka ɗauki lambobin nan biyu ka debe ɗaya daga ɗaya kace ga bambancin, domin ba wuri ɗaya suke aunawa ba, SAAMI a tsakiyar kwanso take sa na'urarta, NATO a bakin kwanso. Hukumar Turai ma, CIP, wadda Daular Larabawa maƙwabciyarmu take cikinta, 4,300 ta ba .223 a ma'aunin matsi na bar, wanda yayi daidai da na NATO ɗin. Shi yasa zaka ji wani yace shi shekara da shekaru yana harba 5.56 a .223 ɗinsa ba abinda ya faru, kuma gaskiya yake faɗa, wataƙila tasa an yanka mata maƙogwaro mai ɗan tsawo. Ruger Mini-14 alal misali da yawansu .223 aka rubuta a jiki amma littafin yace suna cin 5.56, banda samfurin gasa. Akwai kuma yankan da ake kira .223 Wylde da akayi musamman domin yaci duka biyun. Matsalar ita ce kai baka san yadda aka yanka taka ba, ido baya gani, kuma bindigar wani ba hujja bace a kan taka.

Juyin abin kuwa ba komai. Bindigar da aka rubuta 5.56 a jikinta tana cin .223 lafiya lau, iyaka saitin zai iya ɗan raguwa kaɗan.

Kuma kada ka zaci fashewa irin ta fim ce take fara zuwa. Yawanci abinda ake gani kabsula ce ta baje ta cika raminta, ko allura ta huda ta, ko ta fice gaba ɗaya ta faɗa cikin kayan kunama ta cushe su, ko kaji sakata tayi tauri sai ka daka da tafin hannu kafin ta buɗe, ko ka ga wani ɗan tabo mai sheƙi a gindin kwanso. Duk wanda ka gani cikin waɗannan ka tsaya a nan, bindigar tana gaya maka an wuce iyaka. Wanda yaci gaba shi ne wata rana gindin kwanso zai tsage iskar wuta da ɓarɓashin tagulla su dawo masa fuska. Don haka tabarau na kariya dole ne, ni ko mutum ɗaya zai harba bana barinsa ya tsaya a layi babu shi.

Sai zafin ƙasar nan, wanda littattafan Turawa basa damuwa dashi yadda ya kamata mu damu. Albarushi in yayi zafi saurin cinsa yana ƙaruwa, matsi ya ƙaru. Kwalin da ya wuni a cikin mota a rufe a ranar Yuli, ko wanda aka ajiye a kan bonet ana shan shayi, ba shi ne wanda aka gwada a masana'anta a ɗaki mai sanyi ba. Harsashin da yayi maka lafiya a sanyin Tabuk cikin Janairu shi ne zai iya hura maka kabsula a Tihama da rani. Yanzu haɗa gajeren maƙogwaro, da 5.56, da zafin mota, da ɗan mai da aka bari a ɗakin harsashi bayan wanki wanda ke hana kwanso kama bango sai duk ƙarfin ya koma kan sakata. Kowanne shi kaɗai ƙila a tsira, haɗuwarsu ce bana so.

Ko da ace lafiya ƙalau ne ma, me zaka samu? Yawancin bindigogin farauta na .223 na da can tsagarsu zagaye ɗaya take a inci 12, an yi su ne domin kai mai sauƙi. SS109 dogo ne, yana son murɗi mai sauri, na soja ɗaya a inci 7 ne. A 1:12 sai kaga yana isa allo a karkace yana huda shi ta gefe. Ga ɗan ƙarfen nan na tsininsa da ke ɓata allon ƙarfe na filin harbi, filaye da yawa basa yarda dashi, a kan baƙin dutsen harra irin na hanyar Madina kuma tsalle yake ya tafi inda ba kai ka aike shi ba.

Akwai wata magana da bata shafi ƙarfe ba amma zan faɗa maka a matsayin yaya. Juya gindin harsashin nan ka duba. Na kasuwa zaka ga sunan kamfani da sunan harsashin a rubuce. In kuwa ka ga harufa biyu ko uku da lambar shekara kawai, da wata 'yar da'ira mai gicciye a ciki, wannan hatimin NATO ne, na soja ne ko an ɗura shi a ƙa'idar soja. Ana sayar da irinsa ta halal a wasu ƙasashe, amma kai da kasan yadda dokar makamai take a Mamlakar Saudiyya, harsashin da bashi da takardar saye kuma ba shi ne na bindigar da ke kan lasisinka ba, ba abin ajiyewa a mota bane. Ka tambayi abokin naka daga ina, in amsar bata fito sarai ba ka mayar masa da kayansa.

Mu dawo kan ta kaka, wadda ita tafi bani tsoro wallahi.

Wanda yace maka "7.62 ce" bai gaya maka komai ba. Akwai 7.62x39 na Kalashnikov, akwai 7.62x54R na Rasha mai baki a gindi wanda tun 1891 ake amfani dashi, akwai 7.62x51 na NATO irin na G3, akwai ma 7.62x25 na ƙaramar bindiga. Na Rasha kansu ya kai 0.311 zuwa 0.312 na inci, na NATO 0.308. Sai .303 na Ingila shi ma wajen 0.311 yake. Kama da wane ba wane bane. Indiya ta ƙera wata bindiga a Ishapore a shekarun 1960, 2A1, in ka ganta zaka rantse Lee-Enfield ce mai cin .303, alhali 7.62x51 take ci, sai ka lura da gidan harsashinta da yafi zama murabba'i.

"8" ɗin ma biyu ce. Jamus ta fito da 8x57 a 1888 da kai mai faɗin 0.318, daga baya zuwa 1905 aka koma mai tsini mai faɗin 0.323 wanda ake sa wa harafin S, shi yasa a kwali zaka ga 8x57 IS ko JS. Kwanson kusan ɗaya ne. Ka sa na S a tsohon bututu na 0.318 ka tura babban kai a ƙaramin rami da albarushin zamani a ƙarfen da ya haura shekara ɗari. Kuma ƙasar Hijaz cike take da irin waɗannan tsofaffin. Turkawan Usmaniyya suna Makka da Jidda har 1916, a Madina kuma har 1919, nasu Mauser ɗin na 1890 da 1893 da 1903 7.65x53 suke ci, a yaƙin duniya na farko Jamus ta turo musu tsofaffin Gewehr 88, a shekarun 1930 kuma Turkiyya ta mayar da da yawa daga cikin nasu zuwa 8x57. Ingila a nata ɓangaren ta raba wa mayaƙan Sharif Husaini, sarkin Makka na lokacin, Lee-Enfield, har da bindigogin Japan. Daga baya mahajjata da fatake da 'yan Yaman kowa ya shigo da tasa, maƙera suka canja bututu, suka faɗaɗa ɗaki, ba wanda ya sake rubutu a jiki. Toh a irin wannan bindigar ko rubutun jikin bana yarda dashi ɗari bisa ɗari, har S ɗin da aka buga a kan Gewehr 88 sau da yawa maƙogwaron kawai aka gyara, ramin bututun yana nan yadda yake.

Yadda akeyi mai sauƙi ne a wurin wanda ya iya. Ana toshe bututu a zuba wani narkakken ƙarfe mai narkewa a ƙaramin zafi cikin ɗakin harsashi, in ya daskare a fito dashi a auna, shi zai faɗi ainihin siffar ɗakin. Ana tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu a auna faɗinsa. Sannan a sa geji a duba tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso, in sakata ta rufe a kan gejin ƙarshe wanda bai kamata ta rufe ba, wannan bindigar ta bango ce, a rataye ta a majalisa a riƙa ba jikoki labari. Kafin duk wannan ma ku fara gyara takardunta, in lasisin da sunan marigayi yake ko babu shi sam, ku je ku daidaita da hukuma kafin wani ya ɗauke ta daga Makka zuwa Jidda ya bi ta shingen Shumaisi da ita a but.

In ta tabbata 7.62x51 ce, wata tambayar zata taso, ko a sa mata .308 Winchester tunda shi ake samu a shago. Nan abin juyawa yayi. Winchester ta fito da .308 a 1952, NATO ta karɓi nata a 1954, amma a wannan gidan na kasuwar ne aka yarje wa matsi ɗan sama, psi 62,000, kuma bangon kwansonsa bai kai na soja kauri ba. Ɗakin bindigar soja ana barinsa da ɗan tsawo, kwanson soja mai kauri yana jurewa, na kasuwa sai ya miƙe ya miƙe har ya rabu biyu daga ɗan sama da gindi. Sabuwar bindigar .308 tana cin 7.62x51 ba damuwa a mafi yawan lokuta. Tsohuwar ta soja, musamman irin Mauser ɗin Sifen na 1916 da aka mayar 7.62 daga baya, ni bana sa mata .308 na farauta.

Duk waɗannan da na lissafa ma masu sauƙi ne in aka gwada da kuskuren da nafi gani, wanda ba na jahilci bane, na aljihu ne. Mutum biyu sun fita tare da bindiga biyu, harsasai suka haɗu a aljihun jallabiya ɗaya ko a kwandon mota. An taɓa kawo min wata .270 Winchester da aka harba .308 a cikinta, gindinsu faɗi ɗaya ne, .308 ɗin gajere ne sai ya shige, kai mai 0.308 ya nemi hanya a ramin 0.277. Sakatar sai da guduma, katakon ya tsage ta wajen gidan harsashi, mai ita Allah ya tsare idonsa amma an ɗinke masa hannu. Haka 8x57 yake shiga ɗakin .30-06. Haka .270 yake faɗawa ɗakin 7mm Remington Magnum ya yi iyo a ciki, a harba kwanso ya tsage tsawonsa. Mafi muni a wannan zamanin .300 Blackout ne, wanda da kwanson .223 aka yi shi aka gajarta aka sa masa kai mai 0.308, gidan harsashinsu ɗaya, in sakata ta buga shi da ƙarfi sai kan ya koma cikin kwanso ta rufe kamar ba komai. Wannan kam bindiga tarwatsewa take, kuma tunda .223 ce da kai, shi ne wanda zaka fi kiyaya in kuna harbi da masu irinta.

Ƙananan ma basu tsira ba. .22 LR yana shiga ɗakin .22 Magnum saboda na Magnum yafi faɗi, sai kwanso ya tsage ya feso maka. A shozan kuma, wato bindigar harbin tsuntsu, harsashi mai lamba 20, wanda yafi siriri, in ya shiga bututu mai lamba 12 zamewa yake ya maƙale a gaba, mutum ya buɗe yaga ɗaki fayau ya zaci bai ɗura ba ya ƙara na 12 a bayansa. Sannan tsawon da ake rubutawa, milimita 70 ko 76, na kwanson ne bayan ya buɗe, don haka na 76 yana shiga ɗakin 70 lafiya kafin a harba, bayan an harba ne bakinsa baya samun wurin buɗewa.

Abinda nake sa duk wanda ya zo wurina yayi, ko ya girme ni: ya karanta jikin bututu da bakinsa, ya karanta kwali, ya juya harsashi ya karanta gindi, ukun su faɗi abu ɗaya harafi da harafi, har Rem da Win da Mag ɗin da ke biye da lamba, domin .300 kaɗai ta kai iri nawa. Iri ɗaya a jiki a lokaci ɗaya, in zaka canja bindiga ka zazzage aljihu. Harsashin da aka tsinta a ƙasa, ko wanda wani ya ɗura da hannu a gida baka san awonsa ba, ko wanda yayi kore ko kansa ya nutse ciki, a ware shi. In ka ja kunama kaji shiru, bakin bindiga na kallon allo ka ƙirga talatin kafin ka buɗe. In kuma ƙarar ta fito 'yar ƙarama ba kamar kullum ba, kada ka ƙara na biyu, cire sakata ka leƙa bututu, sau da yawa kai ne ya tsaya a tsakiya. Yashi ma haka, in bakin bindiga ya taɓa ƙasa a leƙa.

Tsofaffin harsasan da ƙila zaku samu a akwatin kaka kuma, da yawansu kabsularsu mai gishiri ce, tana barin gishiri a bututu wanda mai baya wankewa sai ruwa, a raɓar Jidda kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fito. Kada a harba su don gwaji, kada kuma a kai su biki, kasan hukuncin harbin biki a nan.

Turo min hoton rubutun da ke jikin bututun taka da sunan samfurin in duba maka abinda kamfanin ya faɗa game da 5.56, in littafin ya ɓata ana samunsa a shafinsu. Ta kaka kuma ina son hoton saman zoben da bututu ya shiga, da gefen hagu, da fuskar sakata, da gindin harsashi ɗaya daga cikin na akwatin in akwai. Ka rufe lambar bindigar da yatsa kafin ka ɗauka.